Zentel da sauran albendazol na kemis: abin da ƙwaya ɗaya ke yi wa yaro mai tsutsar ciki, da abin da take bari

Idan aka shiga kemis aka ce ana son maganin tsutsar ciki na yara, hannun mai shago ba ya wuce abu huɗu: Zentel ko wani albendazol mai arha, Vermox ko wani mebendazol, Ketrax, ko kuma Combantrin. Yawancin masu saye ba sa tambayar bambancinsu, duk wanda aka miƙo shi ke nan. Alhali bambancin yana da yawa, kuma a kan jinin yaro yake ƙarewa. In dai ƙwaya ɗaya za a saya ba tare da an yi gwajin bayan gida ba, albendazol mai miligiram 400 ya fi sauran ukun cancanta. Sai dai ana ɗora masa aikin da ba nasa ba, kuma daga nan ne yawancin ƙorafin "na ba shi magani bai yi ba" yake tasowa.

Zentel sunan kasuwa ne. Kamfanin SmithKline, wanda daga baya ya zama GSK, shi ya fito da shi, aka fara ba mutane a 1982. Tun tuni kamfanonin Indiya da na nan gida Najeriya suke yin irinsa, kuma sinadarin da ke cikin ƙwayar ɗaya ne. A cikin hanji yake aikinsa: yana lalata hanyar da tsutsa ke tsotsar sukari, sai ƙarfinta ya ƙare a hankali, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ba lallai a ga tsutsa a fo washegari ba, saɓanin Ketrax da Combantrin da suke shanye jikin tsutsa nan take ta fito da sauran ranta. Iyaye sun fi yarda da abin da idonsu ya gani, amma ganin tsutsa a kashi ba shi ne ma'aunin aikin magani ba. Waɗanda suka fi ɓarna ƙanana ne, ba kasafai ake lura da su ba ko sun fito.

Wace tsutsa yake kashewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kwasa daga ƙasa, kuma manyansu iri uku ne. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a kan waɗannan magunguna huɗu, kowanne a sha sau ɗaya. Alƙaluman da ke tafe daga can suke.

Macijin ciki shi ne wanda kowa ya sani, tsawonsa yakan kai santimita 20 zuwa 35, kuma macen tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana. Ta baki ƙwansa yake shiga, a hannu ko a ganyen da ba a wanke ba. A kansa babu gardama: duka magungunan huɗu suna warkar da sama da kashi 90 cikin 100, albendazol wajen kashi 96.

Tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙalewa a bangon hanji tana shan jini, ita ce ta raba gardama. Tsawonta wajen santimita ɗaya ne, kuma ta fatar ƙafa take shiga idan yaro ya taka danshin ƙasar da aka yi bayan gida a kai. Albendazol yana warkar da kusan kashi 80, Combantrin rabi, mebendazol kashi ɗaya cikin uku, Ketrax kuwa da ƙyar ya kai kashi 10. Wanda ya saba sayen Ketrax duk bayan wata uku yana iya shekara yana korar macijin ciki, mai shan jinin tana nan maƙale.

Ta uku ita ce mai kama da bulala, wadda ke soka siririn kanta cikin bangon babban hanji. A nan albendazol ya gaza: ƙwaya ɗaya kashi 31 kacal take warkarwa, mebendazol ya ɗan fi shi da kashi 42. Yawan ƙwan yana raguwa ko da ba a warke sarai ba, wannan ma riba ce, amma idan gwaji ya nuna ita ce, likita yakan ba da albendazol kwana uku a jere, ko mebendazol miligiram 100 safe da yamma kwana uku. Idan ta yi wa yaro yawa tana sa gudawa da majina da jini, har bayansa ya riƙa fitowa idan ya yi nishi. Sau da yawa a gida ana cewa basir ne, a dafa sassaƙe a yi ta ba shi, tsutsar kuwa ko gezau.

Jini, abinci da garkuwar jiki

Dalilin da ya sa muka fifita maganin da ya fi kama mai ƙugiya lissafi ne. Mai ƙugiya iri biyu ce. Irin wadda ta fi yawa a Afirka ta Yamma, kowace ɗaya tana jawo asarar jini kusan mililita 0.03 a rana. Ɗaya irin kuma tana kai 0.15 zuwa 0.2. Ba shan da take yi kaɗai ba: tana zuba wani sinadari da ke hana jini daskarewa, ta saki wuri ta koma wani, tsohon ciwon ya ci gaba da tsiyaya. Yaro mai tsutsa 100 na ƙaramin irin yana rasa mililita 3 kullum, wato kusan 90 a wata, alhali jinin yaro mai kilo 15 gaba ɗaya lita ɗaya ne da 'yan kai. Jiki yana ƙoƙarin mayarwa, amma da sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikin abinci, yake yin sabon jini, kuma tuwo da miyar kuka ba nama ba wake ba sa kawo isasshe. A hankali tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, yaro ya yi laƙwas, ya daina wasa, ya riƙa haki in ya yi ɗan gudu, wani ya koma cin ƙasa ko ƙwaƙular jikin bango. Cin ƙasar kuma ya ƙara masa ƙwan macijin ciki.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 na yaran Najeriya masu wata 6 zuwa 59, kuma kashi 57 na yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure. Ba tsutsa ce kaɗai ta jawo wannan ba, ba ma ita ce kan gaba ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa suna gabanta. Taswirar cutar a Najeriya ma ta nuna tsutsotsin ƙasa sun fi yawa a kudu mai danshi, domin zafin rana da bushewar arewa suna kashe ƙwai da yawa. Inda suke samun mafaka a arewa shi ne fadama, da yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa, da bayan gidajen da ba masai, da damina.

Macijin ciki shi kuma ba jini yake sha ba. Yana kashe cin abinci, yana hana hanji tsotsar maiƙo da sinadarin gina jiki da bitamin A, wani yaron ma madara ta riƙa ɓata masa ciki. Bitamin A shi ke gyara fatar cikin hanji da ta hanyar numfashi, inda ƙwayoyin cuta ke fara neman shiga. Idan ya yi ƙaranci sai dundumi, sai gudawa ta daɗe, ƙyanda kuma ta yi tsanani. Ta wannan hanya ce tsutsa ta fi raunana garkuwar jiki: ta hanyar yunwar da take jawowa.

Akwai kuma hanya ta biyu. Macijin ciki yana shekara ɗaya zuwa biyu a hanji, mai ƙugiya tana iya fin haka. Ba za su yi irin wannan zaman ba sai sun lallashi garkuwar jiki ta sassauta. Jiki yana karkata ƙarfinsa ga yaƙin tsutsa, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ya yi yawa, ɓangaren da ke yaƙar cuta irin tarin fuka kuma ya yi sanyi. An gani a ƙasar Ikwado cewa masu macijin ciki ba su amsa rigakafin kwalara na ɗigawa a baki yadda ya kamata ba, kuma ba da albendazol kafin rigakafin ya taimaka. A Habasha an ga makamancin haka da rigakafin tarin fuka. Wasu gwaje-gwajen a wasu ƙasashe ba su sami bambanci ba. Saboda haka kada a jinkirta wa yaro rigakafi da sunan sai an ba shi maganin tsutsa tukuna. Ranar rigakafi ta zo, a kai shi.

Yadda ake ba da shi, da inda ake kuskure

Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi sai da umarnin likita. Daga wata 12 zuwa 23, miligiram 200 sau ɗaya, wato rabin ƙwayar 400. Daga shekara biyu zuwa sama, miligiram 400 sau ɗaya, yaro da babba duk ɗaya. Mace mai ciki ba ta sha a watanni ukun farko. Yaron da ke fama da zazzaɓi mai zafi ko amai, a fara magance wannan.

A karanta kwalin da kyau, domin nan ne kuskure ya fi yawa. Akwai kwali mai ƙwaya ɗaya ta 400, akwai mai ƙwaya biyu 'yan 200. Mai biyun a tare ake shan su, ba ɗaya yau ɗaya gobe ba, kuma ba a raba wa yara biyu da suka wuce shekara biyu. Na ruwa ma ƙarfi biyu ne: akwai mai miligiram 200 a kowace mililita 5, kwalbarsa mililita 10, akwai mai 100 a mililita 5, kwalbarsa mililita 20. Kowanne, kwalba guda ita ce 400, rabinta 200. A girgiza sosai kafin a zuba, saboda garin maganin yana kwanciya a ƙasa, kuma a auna da sirinji ko murfi mai layi, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Ƙwayar 400 babba ce, ta taunawa aka yi ta. Haɗarinta mafi girma ba illar sinadari ba ne, shaƙewa ce, kuma an rasa ƙananan yara ta wannan hanya a wasu gangamin rabon magani. Yaron da bai kai shekara uku ba, a murƙushe masa ita tsakanin cokula biyu har ta zama gari, a ɗiga ruwa kaɗan a dama, a zaunar da shi a cinya kansa a miƙe, a ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a yi masa ɗure, kada a toshe masa hanci, kada a kwantar da shi rigingine. In yana kuka yana fisge-fisge, a bari ya huce, ko a ɗage zuwa gobe. Tsutsar da ta yi wata shida a ciki kwana ɗaya ba zai ƙara mata komai ba.

Maganin ba ya bukatar a sha shi da asuba ciki ba komai, ba ya bukatar a fara ba yaro sukari "don tsutsa ta taso", ba ya bukatar maganin wankin ciki a bayansa. Ɗan abin da jiki ke tsotsa daga albendazol bai kai kashi 5 cikin 100 ba, sauran yana hanji, inda ake son sa. Abinci mai maiƙo yana ninka tsotsar, amma wannan ya shafi masu shan sa makonni saboda tsutsar da ta shiga hanta ko ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin kulawar likita.

Illolin ƙwaya ɗaya ba su da yawa: ɗan murɗar ciki, tashin zuciya, ciwon kai, jiri, kuma sun fi zuwa ga wanda tsutsar ta yi wa yawa. Wani lokaci macijin ciki ya biyo amai ko ya fito ta hanci. Abin tsoro ne a gani, amma yana wucewa. Abin da ba a jira shi ne ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro yana amai kore, ba kashi ba tusa. Wannan alamar toshewar hanji ce, tsutsotsi sun dunƙule. Asibiti kai tsaye, ba ƙarin magani, ba jiƙo.

Wajen saye, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a ƙi ƙwayar da aka ƙirgo daga gwangwani aka ƙulle a leda ba suna, a ƙi kwalin da ya sha rana a faifan mai talla. Mai arha da ke da rajista, aka kuma ajiye shi da kyau, yana yin aikin Zentel. Ƙarin kuɗin na suna ne da ɗanɗano. Wani abu kuma: akwai albendazol na dabbobi a kasuwannin kara, manyan dunƙule na shanu da tumaki, wasu har miligiram 2,500. Ba a gutsura wa yaro, domin ba a san nawa aka gutsuro ba, kuma ba don ɗan Adam aka sarrafa shi ba.

Abin da ba ya taɓawa

Tsargiya ta fi komai jawo ruɗani. Yaron da ke wanka a kududdufi ko hanyar ruwan dam, yana fitsari da jini a ƙarshe, ko kwali goma na Zentel ya sha ba abin da zai canza. Maganinta firazikwantel ne, wanda ake sayarwa da suna Biltricide, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha bayan an ci abinci. Tsila, wadda ake samu daga naman shanun da bai gasu ba, a ga gutsattsarinta fale-fale a kashi ko a wando, ita ma firazikwantel ya fi kama ta. Atini mai jini da majina yana iya zama na ƙwayar cutar da ake kira amiba, wanda ke bukatar Flagyl da wani magani a bayansa, ko na bakteriya. Albendazol ba ya cikin lissafin. Jiyadiya, wata ƙwayar cutar hanji mai sa gudawa mai maiƙo da wari da kumburin ciki da rama, tana jin albendazol amma sai an yi kwana biyar ana sha, ƙwaya ɗaya ba ta isa.

Ƙananan fararen tsutsotsi masu sa yaro susar dubura da dare suna mutuwa da ƙwaya ɗaya, sai dai ƙwansu yana nan a farce da zanen gado. A sake ba da maganin bayan mako biyu, a ba duk yaran ɗakin rana ɗaya, a yanke farce, a wanke wanduna da zannuwa a shanya a rana.

Sannan maganin ba ya mayar da jinin da ya riga ya zuba. Yaron da ya yi fari yana bukatar gwajin jini da na zazzaɓin cizon sauro, in ƙarancin ayon ne a ba shi maganin ƙarin jini wajen wata uku, tare da hanta, kifi, wake, zogale da alayyahu, a kuma raba shi da shayi lokacin cin abinci domin yana hana tsotsar ayon. Mai sikila ba a ba shi ayon sai likita ya auna. Yaron da tamowa ta kama, ƙafafu sun kumbura ko awon damtsensa ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, cibiyar kula da tamowa za a kai shi. A can ma ba ranar farko ake ba da maganin tsutsa ba, sai a mako na biyu, bayan an fara abincin magani.

Masu tsammanin yaro ya yi ƙiba bayan ƙwaya ɗaya su rage buri. Nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci, ya samu cewa ba wa dukkan yaran yanki magani ba tare da gwaji ba bai cika canza matsakaicin nauyi ko tsawo ko yawan jini ba, kuma wani babban gwaji a jihar Uttar Pradesh ta Indiya da ya haɗa yara kusan miliyan ɗaya bai ga wani sauyi na a zo a gani a mace-mace ba. A ɗaya ɓangaren, binciken makarantun Busia a Kenya da aka buga a 2004 ya ga fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ke daidaita su shi ne tsutsa ba ta rabuwa daidai tsakanin yara: 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, su ne kuma ke amfana sosai, sai amfaninsu ya ɓace idan aka haɗa lissafi da ɗaruruwan da ba su da ita. Idan yaronka yana cikin 'yan kaɗan ɗin, bambancin a fili za ka gan shi.

Babban raunin albendazol shi ne ba ya hana a sake kamuwa. Tsaftace hanji da shi kamar kwalfe rijiya ne idon ruwa yana nan. Wani nazari na 2012 ya nuna cewa bayan shekara guda da shan magani, yawan masu macijin ciki ya koma kashi 94 na yadda yake a da, mai bulala kashi 82, mai ƙugiya kashi 57. Ƙwan macijin ciki yana shekaru a ƙasa mai inuwa, kuma ba ya harbi sai ya yi mako biyu zuwa uku a can, wato kashin da aka kwashe yau aka zuba a masai bai cutar da kowa ba, wanda aka bari a bayan ɗaki ne matsala. Kashin ƙananan yara da ake ɗauka ba komai ba ne, shi ya fi ƙwai. Takalmi, wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan tsarki, wanke latas da kabeji da karas, da rufaffen masai, su ne ke tsawaita aikin ƙwayar. Jihar Jigawa ce ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bayan gida a fili, a 2022.

Batun sau nawa za a sha: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta ce sau ɗaya a shekara inda kashi 20 ko fiye na yara ke da tsutsar, sau biyu inda suka haura kashi 50. Duk wata ko duk wata uku ba ya cikinta, sai in likita ya ga dalili. Kafin a je kemis ma a tambaya ko an riga an ba yaro kyauta: a makon lafiyar mata da ƙananan yara, da ake yi sau biyu a shekara, ana ba 'yan wata 12 zuwa 59 tare da ɗigon bitamin A, a makarantun firamare da yawa kuma ana raba wanda GSK da Johnson & Johnson ke bayarwa kyauta.

Idan an sha amma ciwon ciki ko gudawa ko rama ba su tafi ba, kada a sake sayen wani kwalin a makance. Bayan mako biyu zuwa uku a kai kashi ɗakin gwaji, ɗan kaɗan ya isa, a cikin robar da suka bayar, ba a gauraya da fitsari ko ƙasa ba, kuma ya isa cikin awa ɗaya, domin amiba tana daina motsi in ya huce, sai a kasa gane ta. Gwaji ɗaya yana iya kuskure jiyadiya, saboda ba kullum take fitowa a kashi ba. In alamun suna nan, a maimaita a ranaku daban-daban har sau uku.